Tiyar da Suruki Ya Aiko

Mahaifiyata awo take yi. Tun ina goye take zama a layin masu hatsi na wata kasuwar ƙauye da ke ci mako-mako a bayan Kurfi, ta hanyar Barkiya, buhun gero a gabanta, na dawa a gefe, wani lokaci da ɗan wake. Ba ta tara komai ba a wannan sana'a. Ba ta je Makka ba, ba ta yi ɗakin siminti ba. Abu ɗaya ta tara, kuma da shi take taƙama a gaban kowa: cewa take ranar da za a kwantar da ita, ba za a sami ƙwayar geron wani a wuyanta ba. In kana son ganin ɓacin ran Inna, ka ce awonta bai cika ba. Za ta juye hatsin a faifai ta sake aunawa a gabanka, in ka gamsu sai ta ce ka riƙe kuɗinka ka yi gaba, ta fasa sayarwa.

Da tiya muke awo a ƙasarmu, kwanon nan na ƙarfe mai faɗin baki. Wanda bai san kasuwa ba zai zaci tiya tiya ce. Ina! Akwai wadda aka kifa aka bubbuga gindinta ya shige ciki, ita ce ta sayarwa. Akwai wadda aka bubbuga ta ciki ta yi tumbi, ita ce ta saye, da ita ake tare matan ƙauye a bakin hanya tun kafin su shigo kasuwa su ji farashi. Akwai kuma mai kwano lafiyayye, amma hannunsa ne ba shi da lafiya: in yana saye sai ya rungume bakin kwanon da damtse har tozon hatsin ya kusa taɓa haɓarsa, in yana sayarwa sai ya tuna hannun na masa ciwo. Kowa ya sani, kowa yana tsinewa, ran kasuwa kuma kowa yana nan a layinsa. In liman ya yi wa'azin masu tauye mudu ran Juma'a, su ne a sahun gaba suna girgiza kai suna cewa Allah ya shirya.

Tiyar Inna tsohuwa ce, wurin yayarta ta gada. Fentin ya goge, bakin ya yi sumul don sha hannu, amma ba ta taɓa ganin guduma ba. Da ita take saye, da ita take sayarwa.

Maigidana kuwa malamin firamare ne a Dutsin-Ma, har hedimasta ya yi kafin ya yi ritaya. Mutumin kirki ne, wallahi, ba don yana mijina ba. Sai dai irin mutanen nan ne da in tabarma ta karkace sai sun ta da kowa an gyara. Da ya bar aiki sai ya rasa waɗanda zai jera a layi, ya dawo kaina da yara: me ya sa buta take nan, wa ya bar tsintsiya a kwance. Har addu'a nake Allah ya kawo masa abin yi. To, ashe in za ka roƙi Allah abu, ka riƙa faɗin irinsa.

Ƙungiyar masu hatsi ta yankinmu ce ta gaji da ƙorafi, ta yanke shawara a yi tiya ɗaya tak, mai hatimi a gefe, wadda za a yi awo da ita daga Dutsin-Ma har ƙauyukan Kurfi. Aka ba wani kamfani a can nesa kwangila ya ƙero su. Duk tiyar da ba ta da hatimi za a karɓe a murƙushe. Sai aka shiga neman wanda zai shugabanci kwamitin, mutumin da ba ɗan kasuwa ba, ba ya karɓar na goro, kuma yana da lokaci. A duk garin mutum ɗaya ne ya haɗa ukun nan, kuma a gidana yake kwana.

Ya shigo da wata riga mai ɗaukar ido a kan babbar rigarsa, irin ta masu ba da hannu a titi, yana tafiya yana kallon kansa. Na ce, "Malam, ka dai tuna wa ke zaune a layin hatsi a ƙauyenmu ko?"

Ya ce, "Doka ba ta san suruka ba."

Na ce, "To, doka ba ta san ta ba. Kai fa?"

Sai ya ce in kawo masa ruwa.

Tun da Malam ya aure ni bai taɓa kallon ƙwayar idon Inna ba. In mun je gida, tun daga zaure yake tuɓe takalmi, ya durƙusa a bakin ƙofar ɗakinta kai a ƙasa, ita kuma ta juya fuska wajen bango ta ja mayafi, su gaisa a haka. Ko ruwa bai taɓa sha a gabanta ba. Furfura ta cika masa gemu, yana da jikoki, amma in ya hango ta a hanya sai ya saki hanyar ya bi ta cikin gona. Duk maganar da ta wuce gaisuwa ta bakina take bi. Ni ce auta, ba wata kunya tsakanina da Inna, don haka ni ce gadar da suke takawa su biyun.

A kasuwar Dutsin-Ma aka fara aikin, kuma Malam ya ji daɗinsa. Yana gaba, 'yan sintiri biyu suna bayansa da buhu. Ya tsaya gaban mai awo ya ce kifa kwanon, a kifa, kowa ya ga gindin da ya sha guduma, a yi ihu, a jefa a buhu. Da la'asar a tara su gaban rumfar sarkin kasuwa, maƙeri ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana lallatsawa. Mata suna sa masa albarka a hanya. Ya dawo gida murya a dishe, ya ci tuwo malmala biyu, bai ko lura da inda buta take ba. Na ce alhamdu lillahi.

Sai layi ya zo kan kasuwar ƙauyenmu. Ni ba na wurin a karon farko, amma labari ya riga Malam isowa gida. Wai ya bi masu awo ɗaya bayan ɗaya yana karɓe kwanoni, yana zuwa daf da Inna sai ya laluba aljihu ya ciro waya ya kara a kunne, wayar da ba wanda ya ji ƙararta, ya yi kwana ya nufi wajen masu tumaki. Mako ya zagayo, yana isowa wurin sai ya ɗaga kai ya dubi rana ya ce azahar ta yi. Ita ma Inna da ta hango rigar nan mai ƙyalli sai alwala ta kama ta, ta rufe buhunta da faifai ta ɓace. Haka suka yi ta wasan ɓuya, tsoho da tsohuwa, duk kasuwa na kallo.

Akwai wani Alhaji dillalin hatsi da aka kama da tiya biyu, ta saye da ta sayarwa, aka murƙushe su a gaban yaransa na shago. Shi ne ya samu abin yi. Duk inda ya zauna sai ya ce, "Jama'a, ku nemi malamin makaranta ku ba shi ɗiya, kwanonku ya tsira." Abin da ya fi ƙona mini rai, ya fara cewa in da tiyar tsohuwar lafiyayya ce, me ya sa ake ɓoyonta? Shi, wannan mutumin, shi ne yake tuhumar awon Inna. Da na ji, sai da na ajiye muciya na zauna.

Malam ya daina cin abinci. Rannan ya kira ni ɗaki, yana ta murza hula a hannu, ya ce in je gida in roƙi Inna ta ba ni tiyar a ɓoye in kawo masa, a wuce wurin ba tare da kowa ya ji kunya ba. Na hau mota na tafi Kurfi, daga can na hau babur.

Inna ta saurare ni har na gama. Ta ce, "A ɓoye? In ba ki kwanona a ɗaki, gobe a ce ai gindinshi a lotse yake shi ya sa aka fid da shi ta bayan gida? Ki koma ki ce mashi wanda aka ba aiki ya yi aikinshi. Yadda ya karɓi na kowa a gaban jama'a, haka zai karɓi nawa."

Na ce, "Inna, kin san ba zai iya ba."

Ta ce, "Shi ya karɓi rigar, ba ni ba."

Ranar kasuwa ta gaba da gangan na zo na zauna kusa da ita, don na san in babu gadar nan ba za a haye ba. Aka hango Malam tafe, 'yan sintiri a baya. Layin ya yi tsit, har mai tallar fura ta sauke ƙwaryarta don kada wani abu ya wuce ta. Alhajin nan ya taso daga rumfarsa ya zo ya harɗe hannu. Malam ya iso saura 'yan taku, sai ya tsaya ya tuɓe takalmi, a tsakiyar kasuwa, cikin ƙaiƙayi da kashin jaki. Ya tattare babbar riga ya durƙusa, shugaban kwamiti guda da rigar hukuma a jikinsa. 'Yan sintirin suka dubi juna, suka rasa yadda za su yi, sai su ma suka durƙusa da buhunsu.

Ya ce, "Inna, ina wuni."

Ta juya fuska wajen buhun dawa ta ce, "Lafiya lau. Ya iyali?" Iyalin kuwa ga ni zaune a gefenta.

Ya ce lafiya. Ya tambayi gajiya, ya tambayi kasuwa, ya tambayi jikin ƙafarta. Gaisuwa ta ƙare, ya sake ɗauko ta daga farko. Da dai ya ga ba sauran abin tambaya, sai ya ɗan karkato wajena, murya ƙasa-ƙasa, ya ce, "Ki ce wa Inna aiki ne."

Na ce, "Inna, wai aiki ne."

Ta ce, "Ki ce mashi Allah ya taimaka. Amma ki ce ya kifa shi tukuna, kowa ya gani."

Ta turo tiyar a ƙasa. Malam ya sa hannu biyu ya ɗauka, ya kifa. Gindi sumul, ba lotsawa, ba tumbi. Na miƙe na karɓe na ɗaga sama, na kai wa Alhaji har gaban hanci na ce, "Alhaji, duba da kyau, ai ka fi kowa sanin aikin guduma." Kasuwa ta kwashe da dariya. Wannan ne kaɗai daɗin da na ji a duk lamarin, kuma har yau ban yi nadama ba.

Amma doka doka ce, tiyar ba ta da hatimi. Malam ya sa ta a buhu da kansa, ya ja da baya a durƙushe kafin ya miƙe, har ya manta takalminsa sai da aka bi shi da su. Da la'asar maƙeri ya lallatsa ta tare da na mazambata. Na yi kuka don takaici. Inna kuwa da aron kwano mai hatimi ta ƙarasa cinikin ranar.

Washegari Malam ya sayi sabuwar tiya da kuɗin fanshonsa, ya haɗa da turmin atamfa da goro, ya ce in kai mata. Ta karɓa, ta jujjuya, ta shafa hatimin da yatsa, ta sa masa albarka mai yawa. Akwai maƙwabciyarta da ta shigo ganin kaya, ta ce, "Bari in ɗauko tiyata ta gida mu gwada mu gani ko sun zo ɗaya."

Inna ta ce, "A'uzu billahi! Abin da surukina ya aiko mani shi zan sa a gwaji? In ya ji fa? Na ce mashi ɓarawo ke nan."

Maƙwabciya ta ce Allah ya ba da haƙuri. Da tiyar nan a kasuwa Inna ta saya, da tun a ranar ta gwada ta da kowane kwano a unguwar. Amma kyautar suruki ce, ba a duba ta, godiya ake yi.

Tun daga kaka har bazara da ita ta yi awo. Sai wani abin mamaki ya fara faruwa: buhu ya riƙa auki. A da in ta sayo buhu ta sayar tiya-tiya, ɗan abin da ke saura bai wuce na cefane ba. Yanzu sai ta ga an auna, an auna, da saura a gindin buhu. Ta ce mini, "Mijin nan naki hannunshi da albarka." Har tunkiya ta saya ta ɗaure a turke, abin da ba ta taɓa yi da kuɗin awo ba. Na kawo wa Malam labari, ya yi murmushi ya ce ai haka gaskiya take, in an bi ta sai an ga amfaninta. A gidajen mutane kuma tuwo ya daina isa. Mata suka ɗora wa mai injin niƙa laifi, suka ce yana sata. Wasu suka ce geron bana ne ba shi da auki, wasu suka ce yaran zamani ne ba sa ƙoshi. Ba wanda ya zargi kwano, ai yana da hatimi.

Asiri ya tonu ne ba da wayon kowa ba. Tiyoyin farko suka ƙare, aka sake aikawa aka ƙero wasu. Da suka iso shagon da ake sayar da su, mai shagon ya ɗauki wata ta farko da ta saura ya jefa cikin sabuwa don ya rage wuri. Maimakon ta zauna daram a baki, sai ta nutse ciki tana ƙwalam-ƙwalam. Hatimi ɗaya, zane ɗaya, girma daban. Kafin magariba duk Dutsin-Ma ta ji. Aka zo da masu sikeli daga birni, suka auna wannan, suka auna waccan, suka ce ta biyun ce daidai, ta farkon an rage mata zurfi. Ko ganganci ne ko kuskure, har yau ba wanda ya faɗa mana.

Aka ɗora lasifika a kan mota ana zagaya kasuwanni ana shela: duk mai tiyar farko ya dawo da ita a canja masa kyauta. Malam ya sake ɗaukar buhu, wannan karon yana bin mutane yana roƙon su ba shi kwanon da shi ya tilasta musu saya. To, a nan ne ya ga ikon Allah. Waɗanda suka fi kowa zagin tiyar hatimi ranar da ta zo, yanzu ba abin da suke ƙauna kamarta. Wannan ya ce tasa ta ɓace. Wancan ya ce yara sun kai rafi ba su dawo da ita ba. Wani ya ce matarsa ta jiƙa wanki a ciki, kuma ba ya shiga harkar mata. Sabuwar kuwa kowa ya je ya saya. Shi ke nan, ƙarama ta sayarwa, babba ta saye, kowace da hatiminta, ba sai an wahalar da guduma ba. Alhajin nan har gida ya zo ya yi sallama da Malam, ya ce ya zo ne ya yi godiya, tunda yake kasuwa ba a taɓa yi musu gata irin wannan ba. Ina jin su daga tsakar gida. Allah ne ya sa ruwan da ke hannuna ba mai zafi ba ne.

Shelar ba ta riga ta kai ƙauyenmu ba, kuma Malam ba shi da bakin faɗa wa Inna. Ni ce dai. Na same ta tana sheƙa gero a tsakar gida. Na yi ta kewaye-kewaye, ta ce in faɗi abin da ya kawo ni. Na faɗa.

Ta ajiye faifai. Ta ce, "Da yawa ne ragin?"

Na ce, "Ɗan kaɗan ne, Inna. Bai wuce tafi guda ba."

Ta buɗe tafin hannunta ta dube shi. Ta ce, "A kowace tiya. Tun kaka." Sai ta juya ta dubi tunkiyar da ke turke, ta daɗe tana kallonta. Ban taɓa ganin fuskar Inna haka ba, ko ranar da mahaifinmu ya rasu. Tsoro ne ƙarara.

Ita ce ta fara mayar da tiyar a duk kasuwar. Ran kasuwa ta ja tunkiyar ta sayar, ta sayi gero da kuɗin. Ta je wurin liman ta faɗa masa. Ya ce ba ta da laifi tunda ba da saninta ba ne, in dai hankalinta bai kwanta ba ta yi sadaka. Ta ce, "Malam, sadaka da kayan mutane? Ai masu shi suna raye." Sai ta ɗauki ƙwarya ta shiga bin gidajen waɗanda ta sani, da ƙafarta mai ciwo, tana sallama tana juye musu gero. Wasu suka ƙi karɓa suka ce sun yafe, ta ce su karɓa tukuna sannan su yafe.

Waɗanda ta sani ke nan, kuma su ne kaɗan. Kasuwar mako ai ta baƙi ce. Akwai matan Fulani da ke fitowa daga daji su sayar da nono su auni gero, da yawansu sun tashi tun da zaman dajin ya gagara, ba wanda ya san inda suka nufa. Akwai mutanen Ɗantutture, akwai na wajen Kuki, akwai matafiyin da ya tsaya sau ɗaya ya auni tiya biyu ya wuce. Fuska take ganewa, ba suna ba, fuskokin ma sun cakuɗe mata.

Sai ta ɓullo da dabararta. Duk wanda ya zo awo, in ta cika tiya ta yi tozo ta juye, sai ta ƙara tafi biyu. Ba gyara irin wadda aka saba ba, 'yar ƙwaya a kan ciniki. Tafi biyu cur a kan kowace tiya, ɗaya na yau da gobe, ɗaya ko Allah zai sa wanda ta tauye a baya ne. Na ce, "Inna, wannan matar yau ta fara zuwa kasuwar nan, ba ki taɓa auna mata ba." Ta ce, "Ke kika sani? Wataƙila uwarta ta aiko ta." Kafin ka ce kwabo labari ya bazu. Layi ya riƙa yin tsawo a gabanta, har da waɗanda ko gero ba sa ci, su saya su zagaya baya su sayar. Na yi faɗa har na gaji. Yayyena maza suka zo suka yi magana, ta ce wanda ya san hanyar lahira a cikinsu ya tsaya mata a can.

A lokacin an riga an karɓe rigar Malam. Dole a sami wanda za a ɗora wa laifi, kamfani yana nesa, Malam kuwa ga shi a kusa. Aka kafa sabon kwamiti na 'yan kasuwa zalla, wai su suka san kan abin, kuma Alhajin nan yana ciki. Ƙarar farko da aka kawo musu ta Inna ce. Masu awo suka ce tana ɓata kasuwa, ta janye masu saye. Kwamiti ya zo a tsaye, da takalmansu, suka yi mata bayani cewa awo daidai ake so, ba ragi ba ƙari, wanda ya ƙara da wanda ya rage duk sun saɓa doka. Alhaji ne ma ya yi jawabin, kuma ya iya magana. Suka ce in ba ta daina ba za su tashe ta daga layin.

Ba su samu damar tashinta ba, jarin ne ya riga su. Buhu biyu ya koma ɗaya, ɗaya ya koma rabi, rannan ta kakkaɓe buhun ta naɗe, ta ba jikarta tiyar ta ce a riƙa ɗiban ruwa da ita. Wurin da ta zauna tun ina goye, mako na zagayowa wata ta shimfiɗa buhunta a kai. Abinci ba ta rasa ba, muna kai mata. Amma ta rame, kuma in ana hira sai ka ga tana lissafa wasu fuskoki a ranta. Wani lokaci ta ce mini, "Akwai wata doguwa mai tsaga a kumatu, takan zo da goyo. Ba ki gan ta ba?" Ina zan gan ta?

Malam ya koma gida, amma buta da tsintsiya sun huta, ko kallonsu ba ya yi. Wata safiya ya ce in shirya mu je Kurfi. Muka isa, ya tuɓe takalmi a zaure, ya durƙusa a bakin ƙofar ɗakinta. Inna ta juya wajen bango ta ja mayafi. Aka gaisa. Na gyara zama ina jiran ya karkato wajena ya ba ni saƙo, sai na ji ya yi magana da kansa, kai tsaye, karo na farko tun aurenmu.

Ya ce, "Inna, ni na karɓe kwanonki mai kyau na ba ki marar kyau. Ki yafe mani." Hawaye na bin gemunsa.

Inna ta ƙara jan mayafi. Ba ta juyo ba. Da ni ta yi magana, yadda ta saba.

Ta ce, "Ki ce mashi ya tashi, ƙasa da sanyi. Ki ce na yafe mashi duniya da lahira, ai bai sani ba." Ta ja numfashi. "Shi ya ji daɗi, ya san ƙofar da zai zo ya roƙa. Ni wace ƙofa zan je?"

Na isar da na farkon. Na biyun ban maimaita ba, ya ji da kunnensa.